Masu yawon sana'a a karkarar Ayilan: 'yan koli ne ko al'umma?

Ɗalibi, Ƙofar Sauri, Katsina:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina neman ƙarin haske game da mutanen da suke yawo ƙauye-ƙauye a ƙasar Ayilan (Ireland) da ke Turai a zamanin da. Shin 'yan koli ne irin waɗanda muka sani a kasuwanninmu, ko kuwa al'umma ce mai zaman kanta? Kuma me ya durƙusar da sana'arsu?

Malamin tarihi, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Akwai ɗaiɗaikun 'yan koli masu goya haja a baya, amma waɗanda aka fi sani al'umma ce da ake gadonta, suna kiran kansu Minkiri ko Pabi, kuma suna da harshensu, Shelta. Mazansu maƙeran fari ne: mutum zai zauna a bakin hanya da almakashi da guduma da dalma, ya yanka fallen gwangwani ya naɗe shi ya fitar da bokiti ko moɗa, sannan ya liƙe tukunyar da ta ɓule. Matan kuwa su ne ke shiga gida-gida da kwando ɗauke da allura da zare da furannin takarda, kuma sau da yawa da dankali ko gari ko madara ake biyansu, domin kuɗi ba su wadata a hannun manomi ba. Sun kuma shahara da dillancin dawaki, musamman a kasuwar garin Balinaslo da ke ci kowace shekara a watan Oktoba.

Hajiya, Katsina:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Abin da ke damuna shi ne, manomin da ba ya iya rabuwa da aikinsu shi ne kuma yake ƙyamar su zauna kusa da gonarsa. Da kayan roba suka cika kasuwa bayan 1950, tarakta ta maye gurbin doki, sai aka daina buƙatarsu, ƙyamar kuwa ta tsaya. Rahoton gwamnati na 1963 ya ɗauki yawonsu a matsayin matsalar da za a kawar ta hanyar zaunar da su, kuma a ganina wannan zalunci ne.

Malamin tarihi, Daura:
Gaskiya ne, Hajiya. Sai a ranar 1 ga Maris, 2017 gwamnatin Ayilan ta amince da su a matsayin ƙabila ta daban. Ɗana, ka yi hattara da masu cewa babbar yunwar da ta faɗa wa Ayilan a 1845 ce ta haifar da su, domin binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa sun ware daga sauran jama'a tun kafin wannan yunwar.