Wai me za mu kira kung fu da Hausa ne?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Akwai wata 'yar tambaya da ta hana ni sakat tun jiya. Na zauna zan yi rubutu a kan tsofaffin finafinan nan na su Burus Li da Jaki Chan da muka taso muna kallo, sai na tsaya cak a layin farko don ban san me zan kira abin da suke yi da Hausa ba. Mu dai a unguwa Chanis muke cewa, yau Chanis za a sa a Plaza, shi ke nan kowa ya gane, a fara neman kuɗin tikiti. To amma Chanis ai sunan mutanen ne ba sunan faɗan ba, yanzu ma har waya da janareto ana ce musu Chanis in ana so a kushe su. Ɗana kuma kareti yake cewa, na ce masa ba kareti ba ne, ya ce to mene ne Baba, na yi tsuru-tsuru. Masana a taimaka, kar yaro ya raina ni.

Tsohon mai gidan kallo: Wa alaikumus salam. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta allo a ƙofar gidan kallo da alli, ban taɓa rubuta komai ba sai CHANIS, Indiya, Amurka. Kuma ba a taɓa dawo min da kuɗi don ba a gane ba. Ka bar shi haka Alhaji.

Ɗan Fagge: Baba ai ban ƙi ta taka ba, a baki Chanis ya zauna daram. Amma ka ce yaro ya iya Chanis mu ji, ai sai a ɗauka yaren ya iya.

Badamagare: Mu a nan karate muke ji tun muna yara, komai aka daka da ƙafa karate ne. Amma gaskiyar ɗanka ba ta fito ba, karate na Japan ne, asalinsa ma daga tsibirin Okinawa, taikwando na Koriya, kung fu kuma na China. Abin dariyar ma shi ne a fim ɗin Burus Li na 1972, wanda aka kashe masa malami, ai makarantar Japanawa ya shiga shi kaɗai ya tashe su. To ka ga in ka ce kareti yake yi ka ba shi sunan mutanen da yake duka ke nan. Ni shawarata a ce kokawar China.

Ɗan dambe: Haba ɗan'uwa wace kokawa, ku mutanen Nijar komai sai kun kai shi filin kokawa saboda takobin da ake ba zakaran gasarku. Kokawa kamawa ake a kayar, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an gama. Ka taɓa ganin Burus Li ya rungumi mutum suna ta nishi? Naushi ne da shuri, wannan kuwa sunansa dambe. Masu cewa dambe hannu ne kawai ba su taɓa zuwa fili ba, dambenmu na gargajiya ana sa ƙafa, hannu ɗaya a naɗe ɗayan kuma shi ke karewa, in ka kai mutum ƙasa a ce ka yi kisa. Damben China kawai, a wuce wurin.

Malamin Hausa: Kafin a wuce wurin, bari in ɗan jefa wani abu da zai dagula lissafin. Kalmar nan kung fu, wadda a rubutun Sinanci na yanzu ake rubuta ta gongfu, asalinta ba faɗa take nufi ba sam. Ma'anarta ƙwarewar da mutum ya samu bayan ya ɓata lokaci mai tsawo yana shan wuya a kan abu. Mai girki zai iya zama yana da gongfu, mai rubutu da alƙalami haka, har wata hanyar haɗa shayi suna da ita da suke kira gongfu cha. Kalmar da ke nufin fasahar faɗa kai tsaye ita ce wushu. Finafinan Hong Kong ne suka yaɗa kung fu a duniya da ma'anar faɗa har ta danne waccan. Don haka in ainihin ma'anar muke bi, kalmarmu ita ce gwaninta, ko naƙalta, kamar yadda ake cewa wane ya naƙalci sana'ar nan.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara basira Malam, wallahi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Don ni da na zauna ina tunanin me ya sa har yau nake komawa waɗannan finafinai, ga hoto duk ya dushe, ga baki yana motsi daban magana tana fita daban, ga gashin baki na roba yana neman faɗuwa, sai na ga ba faɗan ƙarshe ne yake riƙe ni ba. Faɗan ƙarshe kowa ya san yadda za ta kaya, bos zai mutu. Horon ne. Ka ɗauki fim ɗin nan na kamfanin Shaw Brothers na 1978 da Gordon Liu ya fito, wanda yake bin ɗakunan horo na Shawolin, gidan ibadar nan na China da ake koyon faɗa a ciki, ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin fim ɗin ba a faɗa da kowa, ɗibar ruwa ake a bokiti an ɗaura maka wuƙaƙe a damatsa yadda in ka sauke hannu za su soke ka, sai ɗakin da ake buga ƙararrawa da doguwar gora har wuyan hannu ya kumbura, sai na tunkuyin buhunan yashi da kai, sai wanda ake koyon bin abu da ido ba tare da ka juya kai ba. Ɗaki 35 ya gama sannan ya roƙi a bar shi ya buɗe na 36 don ya koyar da mutanen gari. Mu kuma muna zaune a benci muna jin kamar mu ne muke ɗaukar ruwan. A shekarar dai Jaki Chan ya yi nasa guda biyu da tsohon nan mai jan hanci da gorar giya, nan ma wahala ce zalla kafin a kai ga salon maciji da salon mashayi. Mutum ya shigo fim ba ya iya kare kansa daga mari, ya fita gwani, kuma ka ga duk inda gumin ya zuba. Finafinan yanzu kuwa kwamfuta ce ke tashi sama.

Tsohon mai gidan kallo: Wannan gaskiya ne. In aka zo wajen horo gidan tsit yake yi, mai gyaɗa ma tsayawa yake. Kuma ranar da aka sa Chanis sai na tsaya a ƙofa bayan an tashi, don yara na fita za su fara gwadawa a kan juna.

Ɗan Fagge: Ni ne nan Baba, ina cikinsu. Na diro daga katanga zan yi shurin sama na sauka a kan hannu, wata biyu ina ɗaure da karan ɗori, a gida kuma na ce keke ne ya kayar da ni. Har mahaifiyata ta rasu ba ta yarda da zancen keken nan ba, Allah ya jiƙanta.

Malamin Hausa: Amin. To ka ga abin da ka lissafa ai tsarin da Bahaushe ya sani ne, shi ya sa bai yi mana baƙo ba. A tsangaya yaro yana farawa kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, a hankali har a kai ga alaramma da gwani, kuma kafin nan ya yi itace ya yi ɗiban ruwa ya yi wa malam hidima. Kalmar da suke kiran malaminsu ma, shifu ko sifu a bakin mutanen Hong Kong, haɗi ce ta malam da uba. Su kansu su Jaki Chan da Sammo Hung a makarantar kwana ta wasan gargajiya suka taso tun suna ƙanana a hannun malami ɗaya mai tsanani, abin da suke nunawa a fim sun sha shi da gaske.

Gardi: Malam a yi hattara dai. Shawolin wurin bautar mabiya Buddha ne a lardin Henan, kar a ɗauko sunayen makarantar Alƙur'ani a liƙa musu. Misali ya halatta amma kar gobe in ji an ce Alaramma Jet Li.

Malamin Hausa: Ka yi gaskiya, misali kawai na kawo, ba na ce a ɗauka ba. Gwani dai kalmar kowa ce, akwai gwanin ɗinki akwai gwanin tuƙi. Shifu kuma malam ya wadatar.

'Yar Zariya: Ku yi haƙuri in shigo, tun ɗazu nake karantawa. Gwaninta ta yi daidai a ma'ana amma ba za ta yi aiki ba, ku gwada ta a jimla mana. Zan je kallon fim ɗin gwaninta. Wace gwanintar, ta tuwo? Dole sai an ji duka a cikin kalmar. Matsalata da dambe kuma guda ce, a wajenmu dambe na maza ne, asali ma an fi saninsa da mahauta, alhali finafinan nan cike suke da mata masu tashin gari. Cheng Pei-pei tun a 1966 ta riƙe takobi, ga Angela Mao, ga Michelle Yeoh da ta ci kyautar finafinai ta Oscar a 2023. Salon da Burus Li ya fara koya a hannun malaminsa Ip Man ma, Wing Chun, a labarin da masu shi suke bayarwa sunan mace ne. Ni da yayyena maza muke kallo a bidiyon gida kuma na fi su haddace salo.

Ɗan dambe: Hajiya ai kalma tana faɗaɗa. Da aka kawo na Turawa mai safar hannu ba damben boksin muka ce ba, wasu su ce damben zamani? Kuma mata suna yinsa har a gasar Olamfik, ba wanda ya canza masa suna. Ƙwallo ma da na maza ne.

'Yar Zariya: To na sallama, da sharaɗin in an zo rubutu a ce 'yar dambe ba tare da an yi dariya ba.

Badamagare: Ni ma na janye kokawa, amma ban janye takobi ba. Domin akwai finafinan da ba naushi ake ba, mutane ne masu dogayen riguna da takubba suna tsalle kan rufin ɗaki da kan bishiya. Su ma dambe za ku ce?

Malamin Hausa: Su masu abin ma sun raba. Wancan nasu na takobi wuxia suke ce masa, wu faɗa ko yaƙi, xia kuma jarumin da yake yawo yana tare wa mai rauni faɗa ba don a biya shi ba. Shi ne ya fi tashe a Hong Kong kafin wajajen 1970, sannan na hannu da ƙafa ya karɓe kasuwa, musamman da kamfanin Golden Harvest ya ɗauko Burus Li a 1971. Shekara biyu kacal ya yi yana tashe ya rasu a watan Yuli na 1973 yana da shekara 32. Wannan xia ɗin ni ban ga kalmar da ta fi sadauki dacewa da shi ba. Fim ɗin sadaukai. Barade ma ta zo min amma ita sai da doki.

Ɗan Fagge: Kai, sadaukai ta zauna! Saura abu ɗaya, China ko Sin? Ni a kunnena damben Sin ya fi daɗi, gajere ne, kuma ba baƙuwar kalma ba ce, daga Larabci muka same ta tun da daɗewa, sashen Hausa na rediyon ƙasar ma Sin suke cewa, mutanen kuma Sinawa.

Tsohon mai gidan kallo: In ka rubuta damben Sin a allo rabin layin nan za su tambaye ka waye Sin, ɗan Kudu ne ko ɗan Arewa, wa ya taɓa kashewa.

Ɗan dambe: Hahaha Baba ka gama da ni. Amma sau biyu za su tambaya, na uku sun saba.

Ɗan Fagge: To ga inda na tsaya, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin in buga. Abin da ake yi da hannu da ƙafa, damben Sin, mai yinsa ɗan damben Sin ko 'yar damben Sin saboda Hajiya. Na takobi da tashi sama, fim ɗin sadaukai. Shifu malam. Salo kuma da sunan dabbarsa, salon maciji, salon damisa, salon biri, salon gauraka, salon ƙoƙi-ƙoƙi. Gwanintar Malam ba zan yar da ita ba, da ita zan yi bayanin asalin kalmar a farkon rubutun. Chanis kuma na bar wa Baba da allonsa, ni ma in na je majalisa shi zan ce. Yanzu na kira yaron na gaya masa damben Sin ne, ya ɗan yi shiru, sai ya ce to sandunan nan biyu masu sarƙa a tsakani da Burus Li yake juyawa fa, ya sunansu?

Badamagare: Ka ce masa ya je ya yi barci.