Don Allah masu wayarin ku warware min maganar soket ɗin nan

Assalamu alaikum iyayen gidana masu aikin lantarki. Kwana uku kenan abu ya tsaya min a wani gida da nake wa wayarin a Agege. Na ja ring ɗaya (wato layin soket da ke zagayawa ya dawo inda ya taso) da waya 2.5mm² a kan breka 32A (makunnin da ke yanke wuta in lodi ya yi yawa), falo da ɗakuna biyu, faɗin wajen bai kai murabba'in mita 100 da aka ce kar a wuce ba. Sai Alhaji mai gidan ya ce in ƙara masa soket uku a kicin saboda firiza da hita, kuma an riga an yi filasta an sa tayil, ba ya son a fasa bango ko kaɗan.

Shi ya sa nake tunanin jan reshe daga ring ɗin zuwa kicin. Abin da na fahimta a BS 7671, wato ƙa'idojin wayarin na Birtaniya, reshen da ba shi da fis soket ɗaya kawai zai ɗauka, ko mai baki ɗaya ko mai biyu. To in na sa fis 13A a bakin reshen, ukun za su zauna a kai? Tsorona firiza da hita tare su dinga ƙona fis ɗin. Ko dai in lallashi Alhaji a ja wa kicin layinsa daban da RCD 30mA (na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa)? Litinin iyalinsa za su tare, wallahi bana son in bar musu abin da zai yi zafi cikin bango.