Yadda ake yanka 'ya'yan itace su fito da siffar dabbobi don walimar yara

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in shirya wa yara kamar 20 'ya'yan itace masu siffar dabbobi ranar yawon Sallah, mafi yawansu 'yan shekara 3 zuwa 8. Waɗanne ne suka fi sauƙi da abin da ake samu a kasuwa? Kuma yaya zan hana ayaba da tuffa yin baƙi kafin baƙi su iso?

Mai Girki: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da bushiya, da mangwaro ake yin ta. Ki nemi mai aure marar zare, wanda ya nuna amma bai yi luguf ba. Ki yanke gefe biyu kusa da ƙwallon, ki tsattsaga naman tsaye da kwance da tazarar kamar santimita 1, kada wuƙa ta huda ɓawon, sannan ki turo ɓawon daga ƙasa da babban yatsa. Ƙayoyin za su miƙe da kansu. Ki bar gaba kaɗan ba tsaga, nan ce fuska, ki sa zabibi a matsayin ido da hanci. Mangwaro 10 ya isa yara 20. In ya nuna da yawa ƙayoyin kwantawa suke yi, ruwa ya cika tire.

Tunda Sallah ce, rago ma ya dace. Ki yanka ayaba ƙwaya-ƙwaya, ki birkita su cikin gurzajjiyar kwakwa, ki tara guda 6 ko 7 wuri ɗaya su zama jiki. Rabin dabino shi ne kai, siraran yankan dabino 4 ƙafafu, ɓawon lemo da aka yanka siriri aka lanƙwasa ya zama ƙaho. Kwakwa 1 ta isa ayaba 10.

Malam-buɗe-littafi kuwa ɓarin lemo 4 ne da tsinken karas a tsakiya.

Anti Mai Kek: Maganar baƙi, iska ce ke jawo shi da zarar an yanka, tsami kuma yana rage masa gudu. Ki zuba babban cokali 1 na ruwan lemun tsami a kofi 1 na ruwan sanyi, ki tsoma tuffa minti 3 zuwa 5, ki tsane ta a kan tsumma mai tsabta. Ayaba ba ta son jiƙo, sai ta yi yauƙi, shafa mata kawai za ki yi. Duk da haka ita ce ƙarshen yankawa, kamar minti 30 kafin a ci.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne idon zabibin ya ƙi zama. Wurin ne a jiƙe. Ki goge shi tukuna, ki jiƙa dabino 5 a ruwan zafi minti 10, ki cire ƙwallo ki dake su, ki ɗiga kaɗan ki manna. 

Malamar Raino: 'Yar uwa, don Allah ki kula da ƙananan. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba a ba shi inabi ɗungurungum, yana iya toshe masa maƙogwaro, a tsaga shi ta tsawo gida 4. Tsinken sakace kuma a bar shi gaba ɗaya: siffofin nan duk a kwance ake jera su a faranti, ba sa bukatar a soke su. Kanumfari yana kyau a matsayin idon dabbobin, amma yaro zai tauna shi, zabibi ya fi. A cire 'ya'yan kankana da na lemo.

Sai zafi. Yankakkun 'ya'yan itace kada su wuce awa 2 a waje, in zafin ya haura digiri 32 awa 1 ne. In babu tabbacin wuta, ki jera su a roba mai murfi, ki saka robar cikin kula mai riƙe sanyi, da ƙanƙara a ƙasa, ki riƙa fitowa da tire ɗaya ɗaya. A wanke komai kafin a yanka, har da bayan kankana, don wuƙa tana jan dattin ɓawo zuwa ciki.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bushiya da rago zan yi. Kwakwar zan iya gurzawa tun daren jajibere?

Mai Girki: In firij ɗinki na aiki, eh, a rufe ta sosai. In ba haka ba ki bari sai da safe, gurzajjiyar kwakwa saurin tsami gare ta.