Yogar lilo: akwai wadda ta taɓa gwadawa?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah akwai wadda ta taɓa yin yogar nan ta lilo, wadda ake rataye ƙyalle a silin a shiga ciki? Ciwon baya ya matsa min tun haihuwar Hanif, ga zaman ofis. Na ga ana yi a nan Abuja. Ina ne mai kyau, na mata zalla?

Ummi: Wa alaikumus salam. Wadda ake reto kai a ƙasa kamar jemage?

Zee: Ita fa 😂

Anti Bilki: Maman Hanif, ji tawa kafin ki biya ko sisi. Bara na je wani wuri, ba zan kama suna ba. Ga sanyin AC, ga madubi bango guda, ga ƙyallaye shuɗi da ruwan hoda. Yarinyar da ke koyarwa ta karɓi kuɗi, ko tambaya ɗaya ba ta yi min a kan lafiyata ba, alhali maganin hawan jini nake sha. Mun fi goma, ita kaɗai. Da farko lafiya lau, ki zauna a ciki ki miƙe ƙafa, har da daɗi. Can sai ta ce a sa ƙyallen a ƙugu, a kwanta da baya, a naɗe ƙafafu, a saki hannu. Kaina na kallon ƙasa na ji jini ya taru min a fuska, kunnuwana suka toshe. Na yi ta kiranta, tana can ƙarshen ɗaki tana yi wa wata bidiyo. Ba ta koya mana sauka ba kafin ta ce a hau. Wata baiwar Allah da ke gefena ce ta tallafo ni. Ƙasan kuma tayil ne, sai 'yar siririyar tabarmar roba. Jiri ya ɗebe ni, na yi amai a banɗaki, na wuni kaina na sarawa. Likitana ya yi faɗa ƙwarai da ya ji. Da na koma na yi musu magana sai suka ce wai kowa haka yake ji ranar farko. Kuɗina na wata guda har yau ba su mayar min ba.

Ummi: Innalillahi! Sannu Anti.

Sista Rabi: Allah ya tsare gaba, Anti. Wurin da ya san aikinsa takarda yake fara ba ki ki cike. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, mai juna biyu, mai yawan jiri, da wadda aka yi wa tiyata kwanan nan, duk ba a juya musu kai ƙasa. Maman Hanif, ki fara zuwa ɓangaren gashi na asibiti a duba bayan nan. In ciwon yana sauka ƙafa ko ƙafar na yin sanyi, kada ki hau komai tukuna.

Hadiza ta Landan: Ni ina yi, kuma ina jin daɗinsa sosai. Malamarmu sai da ta koya mana shiga da fita, ƙyallen na daidai ƙugu, ga katifa a ƙasa, kafin ta bar kowa ta juya. Wadda ba ta so, akwai abin da za ta yi a zaune. Ƙugu da bayan cinya suna ciwo da farko saboda matsin ƙyalle, hannu ma yana gajiya. Amma miƙewar da baya ke samu in nauyinki ya bar ƙafa, sai wadda ta ji. A New York ta Amurka aka fara mayar da shi aji wajen 2006 zuwa 2007, irin su Michelle Dortignac da Christopher Harrison. A 2016 an yi wani bincike a Amurka da mata 16, aka ga ajin minti 50 yana ƙona kalori kusan 320.

Zee: To teɓa fa? Ni ita ce damuwata.

Sista Rabi: Mata 16 sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Motsa jiki ne matsakaici, sa'an tafiya da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako, aji ɗaya ba zai cike ba. Teɓa kuma sai kin haɗa da kula da tukunya.

Hajiya Turai: 'Ya'yana, ba ku taɓo babbar maganar ba. Yoga ba bautar Hindu ba ce?

Hadiza ta Landan: Hajiya, a namu ajin babu wata addu'a ko kiran sunan wani abin bauta. Miƙa jiki ne da numfashi.

Hajiya Turai: Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi a 2008. Ba ni na faɗa ba.

Hadiza ta Landan: Haka ne Hajiya, saboda kalmomin bautar da ake rerawa a ciki. Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasanni a 2017.

Hajiya Turai: Hukumar wasanni daban, malamai daban. Kowa ta tambayi malaminta, iyakar tawa kenan.

Ummi: Gaskiyar Hajiya. A tambaya.

Zee: Ni na ga ƙyallen a intanet da arha, in sayo in rataya a ƙugiyar fanka kawai.

Fa'iza Injiniya: Zee, don girman Allah kada ki fara. Ƙugiyar fanka an yi ta ne don fanka, kuma POP ado ne, ba ya ɗaukar mutum. In kina lilo, nauyin da ke jan ƙugiya ya fi nauyinki na tsaye nesa ba kusa ba. Sai rufin kankare ko ƙarfen gini, da ƙusoshin da aka yi don haka. Ko a aji, ki ɗaga kai ki ga inda aka ɗaure, ki tambayi wa ya ɗaura, yaushe aka duba. In suka ji haushin tambayar, ki ɗauki jakarki.

Anti Bilki: Nasu ma ban da ƙara babu abin da yake yi.

Hadiza ta Landan: Kuma a cire zobe, awarwaro da ɗan kunne, suna yaga ƙyalle. Riga mai hannu, wando mai kama ƙafa, babu zif. Kada a ci abinci sai da tazarar awa biyu.

Hajiya Turai: Da wayoyin nan a hannun kowa? A juya 'yar mutane kai ƙasa a saka ta a Instagram?

Ummi: Wannan kam dole a yi sharaɗi, babu ɗaukar hoto.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sista, zan je asibitin. Amma har yanzu ba wadda ta faɗa min wuri.

Fa'iza Injiniya: Zan tambayi ƙanwar maigidana, tana zuwa wani a Wuse. Sai na je na ga silin ɗin da idona zan turo miki.

Zee: Kafin nan, wa za ta zagaye tafkin Jabi ranar Asabar? Ƙarfe bakwai.

Ummi: Bakwai ta yi wuri, akwai Islamiyyar yara. A mayar takwas.