Shin rubutun bitar darasi ya fi ziyarar mai dubawa amfani ga ɗalibin malanta?

Malamin kwalejin horar da malamai: Jama'a, ga maganar da na faɗa a taron sashenmu har abokan aiki suka yi mini ca. Na ce ɗalibin da ke koyarwar gwaji, idan zai zauna kowane mako ya rubuta abin da ya faru a ajinsa, ya kuma ajiye rubutun inda abokan karatunsa za su karanta su yi masa tambayoyi, to ƙaruwar da zai samu ta fi wadda ziyarar mai dubawa ke ba shi. Mai dubawa jefi-jefi yake zuwa, kuma darasin da yake tararwa na ado ne, wanda aka kwana ana shirya shi. Tun 1975 wani mai bincike a kan aikin malanta, Dan Lortie, ya ƙiyasta cewa kafin mutum ya shiga horon malanta ya riga ya shafe kimanin awa 13,000 a zaune yana kallon malamai, don haka yakan koyar yadda aka koyar da shi ba tare da ya lura ba. Rubutu ne ke tilasta masa ya tuhumi abin da ya saba.

Tsohuwar shugabar makaranta: Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba, domin mutum ba ya rubuta abin da bai gani ba. Lokacin da wata mai bincike a kan koyarwa, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa ta auna su a farkon shekarun 1970, ta gano cewa bayan malami ya yi tambaya, kimanin daƙiƙa ɗaya kawai yake jira kafin ya sake magana ko ya kira wani yaron, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshin yara sukan ƙara tsawo da ma'ana. Wane ɗalibi ne zai koma ɗaki ya rubuta cewa daƙiƙa ɗaya ya jira? A ransa ya yi haƙuri iyakar haƙuri. Sai wanda ya zauna a bayan aji da agogo ne zai iya nuna masa, ai laifi tudu ne.

Ɗalibin koyon malanta: Ina neman afuwar iyayena idan na tsoma baki, tunda mu ake magana a kanmu. An ba mu matakai shida na rubuta bitar aiki da masanin koyarwa Graham Gibbs ya tsara a 1988, daga bayyana abin da ya faru da yadda muka ji har zuwa shirin abin da za mu yi a gaba, aka kuma ce akwai maki a kai. Gaskiyar magana, ranar da aji ya kuɓuce mini har na rasa inda zan sa kaina, ban rubuta ta ba. Na rubuta wata ƙaramar matsala ta ƙarancin lokaci wadda na san ina da maganinta, saboda wanda zai karanta shi ne zai ba ni sakamako, abokaina kuma suna gani.

Malamin kwalejin horar da malamai: Ɗana, ka faɗi abin da ya fi na Hajiya yi mini ciwo, kuma na karɓa. Amma laifin makin ne, ba na rubutun ba. Hajiya kuma, wani masani, Donald Schön, a 1983 ya bambanta tunanin da gwani ke yi yana tsakiyar aiki da wanda yake yi bayan ya gama. Sabon malami bai da sararin na farkon, domin hankalinsa yana kan allo da agogo da yaran da ke surutu a baya, saboda haka na biyun ne ƙofarsa. Mai dubawa zai iya gaya masa daƙiƙa ɗaya ya jira, amma dalilin gaggawar, wato tsoron shirun aji, shi kaɗai zai iya tono shi.

Malama mai duba koyarwar gwaji: Akwai abin da ba a taɓo ba. Rubutun da mutane da yawa ke karantawa yana ɗauke da labarin yaran wasu da na malamin da ya ba da aron ajinsa, kuma ko an sakaya suna, wanda ya san makarantar zai gane wanda ake nufi. Na taɓa ganin wata makaranta ta daina karɓar ɗalibanmu saboda layi biyu da wani ya rubuta a kan malamin ajin.

Tsohuwar shugabar makaranta: Malam, yanzu ka sauko daga cewa rubutu ya fi dubawa zuwa cewa yana biye da ita, kuma a nan ba mu da faɗa. Malaman Japan sun daɗe suna shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran suna kallon yadda yara ke ɗauka, sannan a zauna a yi bita a rubuta, wato ido ne a gaba, alƙalami a baya.

Malamin kwalejin horar da malamai: Ban sauko gaba ɗaya ba, Hajiya, domin masu dubawa ba su kai yawan da za su zauna a kowane darasi ba, alhali takarda kullum tana nan. Abin da zan kai wa sashe shi ne a cire maki daga rubutun, a taƙaita masu karantawa zuwa mutum uku ko huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu ya kasance ya zauna a darasin da ake bita.

Ɗalibin koyon malanta: Malam, idan aka cire makin, ina tsoron rabinmu ba za su rubuta ko layi ɗaya ba.