Idan wanda kake taimako yana ɓoye maka gaskiya, yaya kake yi ya saki jiki?

Ɗalibar aikin jinya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a karatun jinya, kuma akwai abin da ke damuna tun da aka fara tura mu asibiti. Mutum zai zo jininsa ya hau, a tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. A duba katinsa a ga na wata ɗaya aka ba shi, ga shi ya yi watanni bai dawo ba. Na san ba da mugunta yake ɓoyewa ba, amma yaya zan yi ya faɗa min gaskiya ba tare da na kunyata shi ba? Waɗanda suka daɗe a asibiti, ko aji, ko aikin ba da shawara, don Allah ku gaya min abin da kuka gani da idonku.

Sista mai kula da masu hawan jini:
Wa'alaikumus salam 'yata. Ba majinyatanki kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu. Wanda ke gabanki ya san amsar da kike so ki ji, ita kuwa zai ba ki. Shi ya sa nakan ce, "Baba, shan ƙwaya kullum da wuya, mutane da yawa na tsallake wasu ranaku. A makon nan kwana nawa ne ba ka samu sha ba?"

Amma fuskarki lokacin da ya amsa ta fi tambayar muhimmanci. Wani dattijo ya taɓa ce min ya ajiye maganin gaba ɗaya. Yana faɗa yana satar kallona, faɗa yake jira. Na yi masa godiya da ya gaya min, na ce me ya gani a maganin? Ya jima bai ce komai ba, can ya ce fitsari ne ya hana shi barci, ga ƙafafu ba ƙarfi, yana tsoron faɗuwa cikin duhu. Ashe ƙwayar da ke sa fitsari yake sha da daddare, alhali da safe ake shan ta. Aka gyara masa lokaci, magana ta ƙare. Da na ɗaure fuska, da ya koma wa "ina sha", likita kuma ya ɗora masa wani magani a kan wanda ba ya sha.

Likita:
Haka ne Sista. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne tarar numfashi. A 1984 wasu masu bincike a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, suka naɗi hirar likitoci da majinyata, suka gano daƙiƙa 18 kacal, ko rabin minti ba a kai ba, ake barin mutum ya yi bayani, a matsakaici, kafin a katse shi. Kuma sau da yawa abin da ya fara faɗa ba shi ne ya kawo shi ba, auna ka yake yi tukuna. Wata baiwar Allah ta zo min da ciwon baya. Na ajiye biro, na juyo daga kwamfuta, na ce, "Sai kuma me, Hajiya?" Ta ambaci rashin barci. Na sake cewa sai me. Nan ne ta sunkuyar da kai ta ce ta daɗe tana jin ƙullutu a mamanta, ba ta gaya wa kowa ba.

Ma'aikacin ɗakin magani:
Likita, ka yi haƙuri, wannan maganar mai lokaci ce. Layi har bakin ƙofa, idan na bar kowa ya ba ni labari sai dare.

Likita:
Malam, layin nan ni ma shi nake kallo. Amma an gwada a wani asibiti a birnin Basel na Suwizalan: aka ce likitoci su bar majinyata su gama maganarsu. Sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna daƙiƙa 92 suke yi a matsakaici, kashi 78 cikin 100 kuma sun gama cikin minti biyu. Wanda ke cin lokaci da gaske shi ne wanda ya tafi bai faɗi damuwarsa ba, ya dawo bayan ciwo ya ci jiki.

Malamin sakandare:
Ƙanwata, namu "mun gane" ne. Aji duka su amsa, ranar jarrabawa ka ga ba haka ba. Yaro ba zai ɗaga hannu ya tona kansa a gaban abokansa ba, don haka nakan ce, "Wurin nan yana da wuya, wa zai maimaita min da nasa bakin in ga ko na yi bayani daidai?" Kin ga nauyin ya dawo kaina.

Akwai wani yaro da kullum yake gyangyaɗi a aji. Na jira aka tashi, muka taka tare, ban ma ambaci barcin ba. Sai da aka kwana biyu muna haka kafin ya ce shi ke jinyar mahaifinsa da dare. Na ce zan ware masa lokaci mu bi darussan da suka wuce shi, na kuwa cika, domin alkawari kaya ne, kuma yara sun fi manya riƙe shi. Labarinsa bai taɓa shiga ofishin malamai ta bakina ba. Inda yaro ya ji sirrinsa a bakin wani malami, ba shi kaɗai ka rasa ba, ka rasa ajin.

Mai jinyar mahaifiya:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, ta ɗaya ɓangaren zan yi magana. Mun kwanta da Mama a wani asibiti. A zo a tsaya a kanta, a yaye mata mayafi, a yi ta magana da juna kamar ba ta ji, a wuce. Har yau abin yana min ciwo. Nas ɗaya ce takan ja labule, ta faɗi sunanta, ta ce, "Mama, zan taɓa hannunki in auna jini." Ita kaɗai Mama ta gaya wa tana shan wani jiƙo a ɓoye.

Likita:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Wata likita a Ingila, Kate Granger, ta gamu da irin wannan lokacin da take jinyar ciwon daji. A 2013 ta fara gangamin kira ga ma'aikatan lafiya su riƙa gabatar da kansu da suna, asibitoci da yawa kuma suka karɓa. Ta rasu a 2016.

Mai ba matasa shawara:
Na yarda da ku duka, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sai dai ina tsoron ƙanwarmu ta ɗauka faranta rai shi ne amana. Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam, da ya lissafa a 1957 abubuwan da ke sa taimako ya yi tasiri, bai tsaya kan tausayi da karɓar mutum yadda yake ba, ya haɗa da cewa mai taimakon ya kasance ciki da waje ɗaya. Kada ki ce wa yaro allura ba zafi. Ki ce za ta yi zafi kaɗan, yanzu za ta wuce.

Malam, game da sirri kuma, akwai iyaka. Wata yarinya ta ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba kafin ta yi magana. Ban rantse ba. Na ce duk abin da ta faɗa yana tsakaninmu, sai fa idan ana cutar da ita ko rayuwarta na cikin haɗari, to dole in nemo mata taimako, kuma ita zan fara sanarwa. Ta tashi ta fita. Zuciyata ba ta kwanta ba sai da ta dawo da kanta, ta faɗi abin da ake mata, muka zaɓi wanda za a gaya wa tare.

Malamin sakandare:
Gaskiyarki Malama. A makaranta ma, idan batun cutar da yaro ne, wajibi ne a kai shi ga wanda aka ɗora wa alhakin kare ɗalibai. Nakan gaya musu wannan iyakar tun makon farko na zango, kafin wani ya zo min da magana.