Kajina suna zubar da gashi, mi ke kawo haka?

Maman Nafisa, unguwar Zariya:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin kiwo ku taimaka mini. Ina da kajin gida 14 da zakaru 3 a akurki guda bayan ɗaki, tun ƙarshen damana na lura gashinsu na zuba, wasu bayansu ya zama fili sai jar fata, wasu kuma wajen gindi ne da ƙarƙashin fiffike, kuma ƙwai ya ragu sosai. Suna ci suna sha, ba zawo ba mura. Dussa nike ba su da ɗan hatsi da sauran tuwo. Maƙwabciyata ta ce in yayyafa piya-piya cikin akurkin amma raina bai kwanta ba. Ciwo ne ko mi?

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki sa piya-piya dan Allah, guba ce mai ƙarfi, tana kashe kaza kuma ku ne za ku ci ƙwan ke da yara. Kafin ki kashe ko dala a magani ki kama su ɗaya ɗaya ki duba inda gashin ya tafi, don wurin shi ke faɗin dalili. Waɗanda bayansu da ƙeyarsu ya zama fili wannan aikin zakara ne, in zai hau yana kama ƙeya da baki yana taka baya da farce, kuma zakara 3 a kan kaji 14 sun yi yawa, zakara guda ya ishi kaza 10. Ki saida ɗaya ko biyu ranar kasuwa ko ki yi ma maigida farfesu. Na gindi da ƙarƙashin fiffike kuwa su nike zargi da ƙwarƙwata, ki buɗe gashin wajen duburar kaza da rana, in akwai za ki gan su suna gudu, launinsu kamar na dussa, kuma a gindin gashin za ki ga ƙwansu fari a dunƙule.

Maman Nafisa:
Na gode Malam. Na kama biyu yanzu na duba ban ga komi na gudu ba gaskiya.

Tsohon mai kiwo daga Tibiri:
Ɗiyata rashin gani da rana ba shi nuna babu. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu shan jini da ba su kwana bisa jikin kaza, da rana suna ɓoye cikin tsagar bango da ramin icce da ƙarƙashin kwandon ƙwai, sai dare ya yi su fito su sha su koma, shi ya sa mutane da yawa ke cewa sun duba ba su ga komi ba. Ki bari sai bayan lisha ki shiga da tocila ki haska sandar da kajin suke hawa da jikin bango, ko ki goga farin ƙyalle ƙarƙashin sandar, in kin ga jan tabo to su ne. Akurkin laka na daɗe musamman shi ya fi ɓoye su, har da kaskar kaji, kuma suna iya yin watanni cikin bango ba su ci komi ba suna jira. Alama guda kuma, in kaji sun fara ƙin shiga akurki da magariba suna son kwana bisa katanga ko icce to akwai abin da ke cizonsu ciki. Kazar da ake sha ma jini kullum tana ramewa, tukkunta ya yi fari-fari, ƙwai ya tsaya, kuma da bakinta take fizge gashin don ƙaiƙayi.

In kin same su, ki fidda duk shara da tsohuwar ciyawa ki ƙone nesa da gida, ki zuba tafasasshen ruwa a itacen, ki liƙe tsagogin da laka ko siminti. Magani kuma ki tafi wurin likitan dabbobi ya ba ki wanda aka yi don kaji, ki tambaye shi kwana nawa za a bar cin ƙwan, kuma a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10 don na farko ba shi kashe ƙwan ƙwarin. Ki aje ma kajin toka da rairayi a busasshen wuri su riƙa birgima, wannan tun kakanni ake yi kuma yana rage ƙwarin.

Rabi mai ƙwai:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni abincin nan ne ya tsaya mini a rai. Yaya dussa da tuwo kaɗai ba su isa kaza mai ƙwai, gashin kaza kusan dukansa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, sama da kashi 80 cikin 100, kuma mai ƙwai tana son wajen kashi 16 cikin abincinta alhali gero da dawa wajen 10 zuwa 12 suke, to in ba ta samu ba sai su fara tsintar gashin juna suna haɗiyewa, balle in wurin ya matse ga zafi. Ki lura ko akwai gashi zube a ƙasa, in kaji sun yi fili amma ƙasa ba gashi to cinye shi suke. Mu nan Maradi ai ba mu da uzuri, ga ƙuli-ƙuli ga fara ga garin busasshen kifi ga gara ga ganyen zogala, ki daka ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji ki haɗa da dussar, amma wanda ya yi fumfuna kar ki ba su ko kyauta aka ba ki. Kuma in ɗaya ta fara jini ki ware ta, in sun ga ja ba su barinta.

Abban Sadik:
Ƙari kaɗan, kaza in ta wuce shekara guda da rabi takan canza gashi da kanta sau ɗaya a shekara, yana farawa daga kai da wuya ya sauka, tana barin ƙwai wata 2 zuwa 3, fatar lafiya lau kuma za ki ga sabbin gashi na hudowa kamar tsinke. Mai kwanci ma tana fige na ƙirjinta don ƙwai ya ji ɗumi. Waɗannan ba su son magani sai abinci. Hajiya kin sawo sabuwar kaza kwanan nan, ko ita ta zo da ƙwarin?

Maman Nafisa:
E na sawo biyu a babbar kasuwa kafin abin ya fara kuma ranar da na sawo su na haɗa su da sauran. Na shiga da tocila jiya da dare kamar yadda Baba ya ce, wallahi sandar cike take da su jajaye ƙanana, har hannuna suka hau. Yau yara na fidda shara, zakara guda kuma Juma'a za shi kasuwa. Rabi ƙuli-ƙulin kamar yaya zan sa a tiya guda ta dussa?

Rabi mai ƙwai:
Ni kashi ɗaya nike sawa cikin kashi biyar na dussa da hatsi, ki fara da kaɗan har su saba. Inda gashin ya karye ya bar gindinsa cikin fata ba zai fito ba sai sun canza gashi, kar ki ga shiru ki ƙara musu magani.